Fuskar Baƙar Ƙusa

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Griselda ta jefe ni da faranti. Ni bai same ni ba, durowar gilashin ya samu, ya tsaga ta daga sama har ƙasa, wani ɓarɓashi ya yanke ni a goshi. Kafin in taɓa goshin sai da na leƙa na ga ko 'yan robata suna lafiya. Ta ga na yi hakan, shi ya sa ta ɗauko faranti na biyu.

"Ƙaton banza! Shekara arba'in da shida, da mata, da 'ya budurwa, kana wasa da 'yan tsana. To ga shi nan ka kashe yayanka da 'yar tsana, hankalinka ya kwanta."

Ba 'yan tsana ba ne. 'Yan kokawa ne na roba. Farare fat ake zubo su, duk kama ɗaya, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ni nake yi musu fenti in ɗinka musu alkyabba. Duk mai tara su a garin nan na Puebla ya san hannun Anselmo mai fentin mota. Kuma ban kashe kowa ba. Yaya Hilario yana nan da ransa, wayata ce kawai ba ya ɗauka.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a kasuwar masu musayar kaya ba. Abin da zan rubuta shi ne Tiburcio ɗan iska ne, kuma tun muna makaranta ɗan iska ne.

Shi ya fara. Ya baje nasa a kan tebur, ya dubi nawa ya taɓe baki a gaban mutane. "Anselmo, duk abin da kake da shi akwai irinsa a ɗakin wani. Mai tara kaya na gaskiya shi ne mai abin da ba kowa ke da shi ba." Aka yi dariya. A wurinmu ba zagin da ya kai wannan. Gara a zagi uwarka.

Yana cikin aljihuna kuwa. Shekara biyu ina aikinsa a ɓoye: Baƙar Ƙusa, mugun da duk unguwar nan ke tsinewa kowace Lahadi a ɗakin kokawar Don Cleto. Ban yi masa hular fenti kamar sauran ba. Ta yadi na ɗinka masa, ƙarama kamar kan babban yatsa, mai rufe fuska gaba ɗaya, da zaren ɗauri a ƙeya irin ta gaske. Hular da ake ɗaurawa kuwa ana iya kwance ta. A ƙarƙashi ba zan bar roba fara ba, ai aikin bai cika ba ke nan. Na zana abin da ke wurin, har da tawadar Allah ɗin nan ja da ta taso daga kunnen hagu zuwa haɓa.

Ɗan lokaci kaɗan na ɗaga ta, wallahi ɗan lokaci kaɗan. Ban ga wayar a hannun Tiburcio ba.

Duk garin nan mutum ɗaya ne mai wannan tawadar, kuma yana tsaye kullum a rumfar nama ta bakin ƙofar kasuwa. Yaya Hilario.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Hoton yana wayar kowa. Har yaran gareji sun nuna min, suna tambayata wai da gaske ne.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Sun je rumfar.

Ban kasance a wurin ba, Itzel 'yata ce ta gani tana dawowa daga makaranta. Samari ne suka taru, suna kiran sunan yaron nan da Baƙar Ƙusa ya karya wa ƙafa bara. Ƙafar yaron lafiyarta ƙalau. Kokawar ce ta ishe shi, ya samu aikin tuƙa babbar mota a arewa, aka shirya masa hanyar fita, Yaya ma shi ya raka shi tasha. Amma je ka gaya wa mutanen da suka ga an fitar da shi a kan makara yana ihu.

Suka fara da ruɓaɓɓen tumatir, suka koma dutse. Suka kife teburin, naman duk ya zube a kwata. Yaya yana riƙe da wuƙar sara a hannu, Itzel ta ce bai ko ɗaga ta ba, ya tsaya kawai yana kallonsu. Amparo matarsa ce ta fito tana zaginsu, wani ya jefo kwalba. A saman ido ta same ta. Itzel ta ce jinin ya rufe mata fuska har ba ta ganin gabanta, tana laluben ƙofa tana kiran sunan Yaya.

An yi mata ɗinki. Idon bai taɓu ba.

Griselda ta zuba min wake da tortiya, gurasar masara, ta ture min kwanon da ƙafa, kamar yadda ake yi wa kare.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ba ni na jefa kwalbar ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Shekara talatin Yaya yana ɓoye fuskar nan. Ranar wasa daga gida yake fita da kayan mahauci, ya shiga motar haya, sai an yi nisa ya sa hular a kujerar baya. Da ita yake wanka a ɗakin canza kaya. Akwai waɗanda suka yi shekara goma suna dukan juna da shi ba su san kamanninsa ba. Mama ce ta ɗinka masa ta farko, ta sa ni na rantse a gaban hoton Babanmu ba zan gaya wa kowa ba. Ban kuwa gaya wa kowa ba. Da bakina ban taɓa faɗa ba, ko Tiburcio ba zai ce na faɗa ba.

Kullum in ya ɗan sha sai ya kira ni da sunan gida ya ce, "Chemo, ba wanda zai cire min ita. Da ita za ku binne ni, in kun ƙi sai na dawo muku." Ba wasa yake ba. Ya riga ya nuna wa Amparo wadda za a sa masa, baƙa mai ƙusoshin azurfa, tana naɗe a ƙasan akwati.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na koma kasuwar musaya. Magana kawai na je yi.

Tiburcio yana ganina ya washe baki. "A'a, ga mai abin da ba kowa ke da shi ba! Yanzu kam kowa na da shi."

Ban san lokacin da na tsallake teburin ba. Na kama gashin kansa na buga fuskar a kan katako, na sake bugawa. Na ji hancin ya yi ƙas. Muka faɗi tare a kan kayansa, 'yan roba suna farfashewa a ƙarƙashinmu, ya cije ni a kafaɗa har haƙori ya shiga, ni kuma na samu wani ƙarfen rumfa na yi ta maka masa a haƙarƙari. Mutum huɗu suka ɓamɓare ni. Wata mata mai sayar da masara tana ta ihu, "Ku dubi tsofaffin banza, furfura a kai, suna kashe juna a kan kayan wasan yara!"

Abin da ya fi ba ni haushi, ina kwance an danne ni a ƙasa, idona yana kan wani ɗan roba mai koriyar alkyabba da ya gangaro kusa da kunnena, ina cewa a raina wannan ba ni da irinsa.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Don Cleto ya manna takardu a duk bangon unguwa. Baƙar Ƙusa da Zakaran Azurfa, hula da hula. Wanda aka kayar zai cire tasa a gaban jama'a, ya faɗi sunansa, ya miƙa ta ga wanda ya ci shi, kuma ba zai sake sa ta ba har abada. Ranar Lahadi ta sama.

Zakaran Azurfa yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mata na sonsa. Ba sai an gaya min wanda aka shirya zai faɗi ba.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je wurin Don Cleto. Na same shi a ofis yana cin gurasa da nama, maiƙo har gwiwar hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka janye wasan nan. Zan fito in ce ƙarya na yi, tawadar ni na ƙirƙira."

Ya ce, "Mai fenti, zauna mana. Hular da aka san abin da ke cikinta tsumma ce. Ko dai in sayar da ita yanzu da zafinta, ko nan da wata biyu ko kyauta ba mai zuwa kallo. Ka san tikiti ya kusa ƙarewa? Kai ya kamata in ba lada."

Na ce zan ba shi duk abin da na tara, durowa biyu da akwatunan da ke kan bene. Ya yi dariya har ya ƙware.

"In yi me da su? Jikokina ma sun girme su."

Na ɗauki kwalbar lemon da ke kan teburinsa. Ban kai ga komai ba, yaransa biyu suka shigo, 'yan kokawa ne, suka ɗaga ni sama kamar buhun gawayi suka watso ni kan matakala. Leɓena ya fashe, haƙori ɗaya yana girgiɗi.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Yaya ya zo.

Zan rubuta wannan a hankali, don da hagu nake rubutu.

Da safe ne, Itzel ta tafi makaranta. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya shigo da farar rigarsa ta aiki, ya gaida Griselda da ladabi, ya ce ta ɗan ba mu wuri. Ya tsaya gaban durowar ya daɗe yana kallo.

"Ina yake?"

Na ɗauko masa daga cikin safa inda na ɓoye. Ya riƙe shi a tafin hannu, ya kwance ɗan zaren da farce, ya ɗaga hular. Ya kalla ya kalla.

"Ka iya aiki, Chemo. Tun kana yaro ka iya. Da wane hannu ka yi?"

Na ce, "Yaya, don Allah ka saurare ni. Don ina alfahari da kai ne."

"Da wane hannu?"

Na miƙa masa. Ni na miƙa, bai fizga ba. Ya ɗora shi a bakin durowar, wurin da ƙofar katako ke rufuwa. Ya ce, "Shekara talatin ina jefa mutane daga saman igiya, ban taɓa ji wa ɗan kowa ciwo ba. Ka san wuyar da ke cikin wannan? Yau zan ga yadda ji wa mutum ciwo yake."

Ya rufe ƙofar da duk ƙarfinsa. Ya buɗe, ya sake rufewa.

Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Da na dawo hayyacina ina durƙushe ina amai, gilashin da ya rage ya zube a kaina, 'yan roba sun warwatsu ko'ina. Griselda tana dukan bayansa da tsintsiya tana kuka, shi ko juyowa bai yi ba. Ya sa ɗan robar a aljihun rigarsa ya fita. A bakin ƙofa na ji yana ce mata, "Ki kai shi asibiti, suruka. Kar ki bari ya tuƙa."

Yatsu uku. Likita ya tambaya, na ce murfin mota ne ya faɗo min.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Hannun yana bugawa kamar an sa masa zuciya tasa daban.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Mai gareji ya ce in huta. Na san irin wannan hutun.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Warin ne ya tashe ni daga barcin rana. Warin roba.

Na hau bene na samu Griselda ta hura wuta a cikin tsohuwar gangar ƙarfe, tana juye akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabta sun fito kan nasu benen suna kallo. Na leƙa gangar na ga suna narkewa, hannuwan nan a sama, fentin da na yi da buroshi mai gashi uku yana tafasa yana ɗiga. Akwai wanda Baba ya saya min a ƙofar ɗakin kokawa ina ɗan shekara bakwai. Na gan shi.

"Griselda, bari! Bari na ce!"

"Ba zan bari ba! Shekara ashirin ina share musu ƙura. Ɗakin da ya kamata 'yarka ta kwana su ke ciki, ita tana kan kujerar falo. Ka san takalmin kowane ɗan iska a cikinsu, ka san lambar takalmin Itzel? Faɗa min! Mutum da iyali, da furfura, ba ka jin kunya?"

Na ce maza nawa ne ke shan giya da albashinsu, maza nawa ne ke da mata a waje, ni ina gida kullum. Ta ce, "Kana gida? Yaushe?"

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Hannu ɗaya gare ni, kuma da na ture ta ban san tankin ruwan da ke kan benen yana bayanta ba.

Itzel ce ta ɗaga ta. Kallon da yarinyar nan ta yi min, gara Yaya ya dawo ya ƙarasa sauran yatsun.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Sun tafi gidan yayarta. Ta ɗaure kai da gyale, ta ce wa maƙwabciya zamewa ta yi.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Gidan shiru. Na tsince waɗanda suka tsira daga ƙarƙashin kujera, na jera su a kan teburin cin abinci, na zauna muna kallon juna. Na ji daɗin ganinsu. Na tsani kaina don na ji daɗin, amma na ji.

Ba 'yan tsana ba ne.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na kira Griselda. Itzel ta ɗauka. "Mama tana barci, Baba." Ina jin muryarta a baya tana magana.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Amparo ta aiko min da tikiti ta hannun mai kawo ruwa. Kujerar gaba. Ba saƙon komai, sai cewa shi ya ce lallai in zo.

Ba zan je ba.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Na je.

Ɗakin ya cika har kan matakala, zafi da warin giya da gumi. Da aka kira Baƙar Ƙusa sai wurin ya ɗauka da ihu, "Mahauci! Mahauci!" Suna jifansa da kofuna, wani ya jefo ƙashin saniya. Ya fito a hankali cikin baƙar hula mai ƙusoshin azurfa. Wadda ke ƙasan akwatin ce. Amparo tana kujera ta uku daga tawa, da tabon ɗinki a saman ido, ba ta dube ni ba.

Na san an shirya wanda zai faɗi, amma ba wanda ya shirya abin da na gani. Yaya ya yi kokawa kamar mai neman a kashe shi. Ya yaga hular yaron daga ido zuwa kunne, ya buga masa kai da ƙarfen kusurwa har jini ya wanke azurfar hular. Yaron ya tsorata, ya fusata, ya fita ya ɗauko kujerar ƙarfe ya sauke masa a tsakiyar kai. Yaya bai kare da hannu ba. Kowa ya san ana karewa da hannu. Ya miƙe, ya nuna kan nasa, wai a ƙara. Aka ƙara. Jini ya riƙa fitowa ta ramukan ido da na baki, yana ɗiga a ƙirjinsa, yana tafiya yana tangaɗi yana dariya. Da yaron ya danne shi alƙali ya ƙirga uku, ihun ma bai kai yadda Don Cleto ya so ba.

Ya durƙusa a tsakiyar dandali. A al'ada wani nasa ne ke hawa ya kwance masa zaren. Amparo ta miƙe, ya ɗaga mata hannu ta koma. Ya karɓi abin magana.

"Ina ƙanena? Anselmo! Kai ka fara cirewa, hau ka ƙarasa."

Ban san yadda na hau ba. Ana ta jifana, wani abu mai ɗumi ya fashe a bayana, ba giya ba ce. Na tsaya a bayansa. Zaren ya jiƙe da jini, ƙullin ya kumbura, ga hannuna na dama cikin filasta. Na ja da hagu ya ƙi. Na sake ja ya ƙi. Mutane suka fara dariya. Sai na sunkuya na sa haƙori, ina jin gishirin jininsa a bakina, ina kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana numfashi kamar sa a mayanka.

Ya zare ta da kansa. Kafin ya juya wa jama'a, ni ya fara juyowa.

Na san fuskar yayana, kullum ina ganinta. Haka nake zato. Amma mutumin da ke durƙushe a gabana tsoho ne. Kumatu sun zube, gira ta yi fari, goshin duk tsagar reza ce ta shekara da shekaru, irin da 'yan kokawa ke yi wa kansu don jini ya fito, tawadar ma ta koɗe ta yamutse. Wanda na zana saurayi ne mai cikar kumatu, irin na ranar da Mama ta gwada masa hular farko. Shekara biyu ina aikin nan ban ɗaga kai na dube shi ba ko sau ɗaya.

Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Duba da kyau, Chemo. In za ka sake zanawa, ka zana daidai."

Sannan ya miƙe ya faɗi sunansa, Hilario, ɗan Eduviges mai ɗinki, haifaffen unguwar nan, shekara talatin a kan dandali. Ya sumbaci hular ya miƙa wa yaron. Yaron yana kuka, ya ɗaga ta sama don haka aka ce ya yi. Wasu suka tafa. Na ga wani daga cikin samarin da aka ce su suka jefi rumfar yana tafi da ƙarfi fiye da kowa.

Na yi kuka a gaban mutane, ba wanda ya kula.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na je rumfar. Ya gyara teburin, ya ɗaure kai da bandeji, layi har bakin titi, wasu ma hoto suka zo ɗauka da shi. Na bi layi kamar kowa. Da na iso na ce, "Yaya."

Ya ce, "Na nawa za a ba ka, malam?"

Na faɗa. Ya yanka, ya auna, ya naɗe a takarda. Tun ranar da ya buɗe rumfar nan bai taɓa karɓar kuɗina ba, in na miƙa ma zagina yake yi. Na miƙa masa da hagu. Ya karɓa, ya ba ni canji, ya dubi matar da ke bayana.

"Na gaba."